Ruwa a Ƙwaƙwalwar Jariri: Darasin Gwajin Dabbobi ga Mutanen Likoro

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An saba kawo wannan karin magana wajen zancen tarbiyya, amma akwai wani ciwo na jarirai wanda ma'anarta ta fi fitowa fili a kansa, wato ciwon taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wanda kan sa kan jariri ya yi ta girma fiye da kima har wuya ya kasa ɗaukarsa. Likitoci suna kiransa haidurosefalus, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu ma'anar ruwa da kai. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a sha'anin wannan ciwo jinkiri ya fi ruwan kansa ɓarna, kuma hujjar haka tana cikin gwaje-gwajen da masana suka yi a kan karnuka da kyanwoyi da ɓeraye tun daga shekarar 1913.

An ɗauki garin Likoro a matsayin misali saboda yanayinsa. Gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, arewa da Zariya. Daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, tafiyar ba ta kai ta awa guda a mota ba. Duk da haka, kukan da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Nijeriya suka daɗe suna yi a rubuce-rubucensu shi ne ana kawo musu irin waɗannan yara a makare, bayan kai ya riga ya yi girma ƙwarai. Ashe ke nan kusancin asibiti shi kaɗai ba ya kai yaro gaban likita. Tafiyar awa guda tana iya cinye wata shida, idan mutanen gida ba su san abin da ke salwanta a cikin kan yaron a kowane mako ba.

Yadda Ciwon Yake

A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai koguna huɗu masu haɗe da juna, cike da wani ruwa garai-garai. Jikin baligi yana samar da kimanin mililita 500 na wannan ruwa a kowace rana, alhali abin da ke cikin kai da gadon baya a lokaci guda bai wuce kimanin mililita 150 ba. Wato ruwan kullum cikin tafiya yake: ana yin sa a cikin kogunan, ya bi ta wata siririyar hanya tsakanin kogo na uku da na huɗu, ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sa'an nan jini ya tsotse shi. In hanyar ta toshe, ko tsotsewar ta gaza, yin ruwan ba ya tsayawa. Sai ya taru, kogunan su kumbura, su riƙa matse ƙwaƙwalwa daga ciki.

Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, maɗigarsa ma takan kai kimanin wata goma sha takwas kafin ta rufe. Saboda haka kansa yakan buɗe ya ba ruwan wuri. Alamomin a bayyane suke: kai yana girma da sauri, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyin fatar kai su fito raɗa-raɗa, ƙwayar ido ta riƙa lumewa ƙasa har farin ya bayyana a sama, ga amai da yawan kuka ko yawan barci da ƙin kama nono.

Wasu yaran da toshewar ake haihuwarsu, wani lokaci tare da ƙari ko rami a gadon baya. Wasu kuwa lafiya lau aka haife su, sai zazzaɓi mai tsanani ko sanƙarau ya kama su a makonnin farko, ya bar tabon da ya toshe hanyar ruwan. Likita Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a asibitin yara na garin Mbale a ƙasar Yuganda, ya bayyana a 2005 cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na yaran da ya duba, ƙwayoyin cuta ne suka jawo musu ciwon bayan haihuwa. Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin tana cikin yankin da sanƙarau ya saba yi wa ɓarna. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A duniya baki ɗaya kuwa, masana sun ƙiyasta cewa yara kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon taruwar ruwa a kowace shekara, kuma Afirka tana cikin nahiyoyin da abin ya fi yi wa yawa.

Maganin da aka fi sani shi ne aikin tiyata na sa siririn bututu. Ana cusa bakinsa ɗaya a cikin kogon ƙwaƙwalwa, a bi da shi ta ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji, a sauke ɗaya bakin a cikin ciki, inda jiki zai tsotse ruwan. A jikin bututun akwai bawul mai hana ruwan komawa baya. Wanda ya fara ƙera bawul na roba mai nagarta wani maƙerin inji ne Ba'amurke mai suna John Holter, a 1956, saboda ɗansa da aka haifa da ciwon, tare da likita Eugene Spitz na birnin Filadelfiya.

Abin da Dabbobi Suka Nuna

Akwai tambayar da ba a iya amsa ta da ɗan Adam: me ke faruwa a naman ƙwaƙwalwa mako bayan mako yayin da ruwa ke taruwa, kuma wane ɓangare ne ke farfaɗowa in an janye ruwan? Babu mai yanka ƙwaƙwalwar yaro mai rai don ya duba, kuma babu likitan da zai bar wasu yara da gangan ba magani don ya gwada su da wasu. Dole aka koma ga dabbobi.

A 1913 Walter Dandy da Kenneth Blackfan, na asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimo na Amurka, suka cusa ɗan ƙullin auduga a siririyar hanyar ruwa ta ƙwaƙwalwar karnuka. Kogunan da ke bayan toshiyar suka kumbura. Da wannan aka tabbatar cewa toshewa ce ke jawo ciwon, aka kuma san inda ruwan ke fitowa da inda ya nufa. Daga baya aka sami hanya mafi sauƙi, wato a yi wa dabba allurar farar ƙasa a ƙeya, inda ruwan ke fitowa daga kogo na huɗu. Farar ƙasar takan jawo kumburi da tabo, hanyar ta toshe, kusan yadda sanƙarau ke yi wa jariri.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje aka gano cewa ɓarnar tana da matakai. Da farko shimfiɗar da ta lulluɓe bangon kogunan takan miƙe ta yage. Sa'an nan ruwa ya jiƙa farin naman ƙwaƙwalwa da ke kewaye da kogunan. Wannan farin nama tarin zaruruwan jijiya ne masu kai saƙo daga wani sashe zuwa wani, kowane zare da rigar kitse da ke sa saƙon ya yi sauri. Matsi yakan miƙar da zaruruwan, ya kuma matse ƙananan hanyoyin jini har jinin da ke isa wurin ya ragu. In abin ya daɗe sai zaruruwan su tsintsinke, tabo ya maye gurbinsu. Gadar nan ta farin nama da ta haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa tana cikin wuraren da suka fi shan wahala. Ƙwayoyin tunani da ke a bayan ƙwaƙwalwa sukan daɗe ba su mutu ba, sai dai rassansu su ragu, mahaɗarsu da juna ta yi ƙaranci.

Saura batun farfaɗowa. A 1976 Rubin da Hochwald da abokan aikinsu a Amurka suka sa wa kyanwoyi masu ciwon bututu. Naman ƙwaƙwalwar da ya sirance ya sake yin kauri, abin da kowa zai ɗauka warkewa ce. Amma da aka duba da madubin likita sai aka ga zaruruwan da suka tsinke ba su sake tsirowa ba, kuma wani ɓangare na kaurin tabo ne kawai. Wannan gargaɗi ne babba: komawar kogunan ƙanana a hoton asibiti ba ta nuna cewa duk abin da aka rasa ya dawo.

A shekarun 1990 Hazel Jones da abokan aikinta suka yi nazarin wani jinsin ɓeraye da ake haifa da ciwon ta gado. Suka sa wa wasu bututu a kwanakin farko bayan haihuwa, wasu kuma bayan kimanin mako guda da haka. Waɗanda aka yi wa da wuri ƙwaƙwalwarsu ta fi kusa da ta lafiyayyu, na baya kuwa farfaɗowarsu ragaggiya ce. Haka nan a 1997 Marc Del Bigio na Jami'ar Manitoba a Kanada ya yi wa ɓeraye 'yan mako uku allurar farar ƙasa, ya sa wa wasu bututu bayan mako ɗaya, wasu bayan mako huɗu. A rukunin farko rigar kitsen jijiya da ta yi jinkirin fitowa ta samu ta cika daga baya. A rukuni na biyu zaruruwa da yawa sun riga sun lalace, kuma in babu zare babu abin da za a sa wa riga. A Nijeriya ma an yi irin wannan aiki. A 2012 Funmilayo Olopade da Matthew Shokunbi na Jami'ar Ibadan, tare da wata abokiyar aikinsu, sun nuna cewa gwargwadon kumburin kogunan ɓera, gwargwadon raunin koyonsa da tunawarsa.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa a Likoro ya san misalin wannan. In indararo ya toshe da damina, ruwa ya kwanta a kan soro, aka yi maza aka buɗe shi, ɗan yaɓe kaɗan ya isa gyara. In aka bar shi har azara ta ruɓe, buɗe indararon zai hana ɗakin rushewa gaba ɗaya, amma ba zai mai da azarar sabuwa ba.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa ɓera ba mutum ba ne, kuma gaskiya suka faɗa. Ƙwaƙwalwar ɓera sumul take ba lanƙwashe-lanƙwashe, farin namanta kaɗan ne, mako ɗaya a rayuwarsa kuma ya fi mako ɗaya a rayuwar jariri nisa. Saboda haka babu mai iya ɗaukar kwanakin ɓera ya ce ga ranar da ƙofa ke rufewa ga ɗan Adam. Sai dai abin lura shi ne, kare da kyanwa da ɓera, na gado da na allura, duk alƙibla ɗaya suka nuna. In shaidu masu bambancin asali suka haɗu a kan magana ɗaya, ba a watsi da ita don kawai ba su faɗi rana da sa'a ba.

Wasu kuma sukan kawo labarin mutanen da suka rayu da ruwa cike da kai ba tare da sun sani ba. A 2007 likitoci a birnin Marsai na Faransa sun ba da labarin wani ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 44, mai mata da 'ya'ya biyu, wanda hoto ya nuna kogunansa sun cinye mafi yawan cikin kansa. Labarin gaskiya ne, amma ba kasafai ake samun irinsa ba, shi ya sa ma ya zama labari. Gwajin dabbobi ya nuna cewa ɓarna tana bin saurin kumburi da tsawon lokacinsa da shekarun mai ciwon. Ruwan da ya taru a hankali cikin shekaru masu yawa yana ba ƙwaƙwalwa damar sabawa, wanda ya taru cikin makonni a kan jariri kuwa ba ya ba da wannan dama. Shi mutumin Marsai ma an sa masa bututu yana jariri, kuma da aka auna basirarsa ta gaza ta matsakaicin mutum.

Hujja ta uku ta fi nauyi, ita ce bututun kansa yana da matsala. Yakan toshe, ƙwayoyin cuta sukan kama shi, kuma kusan huɗu cikin goma na yara sukan bukaci a sake musu aiki a cikin shekara biyu na farko. Ga manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya aikin farko, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma an sami sauƙi ta fuska biyu. Warf ya nuna a 2005 cewa bututun Chhabra da ake yi a Indiya, wanda a lokacin kuɗinsa dala 35 ne, bai gaza na Amurka mai dala 650 aiki ba. Ya kuma inganta wata tiyata da ba ta bukatar bututu, inda ake huda ƙasan kogo na uku a buɗe wa ruwa sabuwar hanya, a kuma ƙone wani sashe na naman da ke yin ruwan. Wani gwaji da aka buga a 2017 kan jarirai 100 a Yuganda bai sami bambanci mai ƙarfi tsakanin hanyoyin biyu ba wajen bunƙasar basirar yara bayan shekara ɗaya. Kowace hanya likita ya zaɓa, sharaɗin bai sake ba, wato a zo da wuri.

Wajibi ne kuma a yi hattara kada wannan bayani ya sa iyayen da suka makara su yanke ƙauna. Aiki ko a makare yana ceton rai, yana rage ciwon kai da amai, yana kare gani, yana tsai da ɓarnar da ba ta riga ta auku ba.

Inda Lokaci Ke Salwanta

A ƙaddara ga wata uwa a Likoro ta lura hular jaririnta ta daina shiga. Abu na farko da za ta ji daga mutanen gida shi ne kan gado ne, kakansa ma haka yake. In kai ya ci gaba da girma sai magana ta koma ga iska, wasu su ce musayar aljanu ce, wasu su ce ɗan ruwa ne. A shiga turare da shafe-shafe, a ɓoye yaron a ɗaka saboda bakin mutane. Kafin a yi shawarar zuwa Shika sai an jira an sayar da rake ko hatsi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana cin makonni, kuma makonnin nan su ne tazarar da ta raba rukunin farko da na biyu a gwajin Del Bigio. Babu mugunta a cikin wannan jinkiri, rashin sani ne da rashin abin hannu.

Abu na farko da ya kamata a yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Zagayen kan jariri a ranar haihuwa kimanin santimita 35 ne, yana kuma ƙaruwa da kusan santimita biyu a kowane wata a watanni ukun farko. Uwa tana kai ɗanta rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, da kuma wata na 9. In ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta auna kan da awon tela a kowane zuwa, ta rubuta a kati, za a gane kan da ke tsere wa sa'o'insa tun ido bai gane ba. Tun da maɗiga a buɗe take, na'urar hoton ciki irin wadda ake duba masu juna biyu da ita ta isa ta nuna kumburin kogunan.

Na biyu, akwai mutane biyu da hannunsu ke taɓa kan jariri kafin na likita, wato ungozoma da wanzami. Ungozoma ce ke wankan jariri, wanzami kuma shi ke askin suna a rana ta bakwai, yana kuma sake ganin kan yaron daga baya. Waɗannan su ne suka fi cancanta a koya wa alamomin nan, domin maganarsu tana shiga inda ta malamin asibiti ba ta shiga. Haka nan tsabtar yankan cibiya da gaggauta kai jariri mai zazzaɓi asibiti suna rage yawan masu kamuwa tun daga tushe.

Na uku ya shafi sassan nazarin Hausa na jami'o'i. Ciwon da ba shi da tsayayyen suna a bakin jama'a, camfi ne ke raɗa masa. Muddin abin da aka san yaron da shi shi ne ɗan ruwa, wurin mai magani za a nufa da shi. In kuwa aka saba cewa ruwa ne ya toshe masa a kai, kowa ya san abin da ya toshe buɗe shi ake yi. Aikin masana harshe ne su zauna da likitoci su daidaita suna da bayani mai sauƙi, su kai shi gidajen rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure, da lafazin da kaka za ta fahimta.

Na huɗu, Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi da sashen nazarin ƙirar jiki da asibitin koyarwa, duk a ƙasar Zazzau. Tambayoyin da suka fi damun wannan yanki, kamar yadda tamowa ko sanƙarau ke shafar farfaɗowar ƙwaƙwalwa bayan aiki, sun cancanci a bincike su a nan gida. Ita kuma hukuma, ya dace ta sa wannan aiki na jarirai cikin abubuwan da inshorar lafiya ke biya gaba ɗaya, har da kuɗin mota da na komawa asibiti in bututu ya toshe.

Kammalawa

Dabbobin da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a kansu sun sha wuya, kuma abin da ya halatta wahalar tasu shi ne amfanin da ɗan Adam zai samu. Amfanin kuwa an same shi tuntuni: ƙwaƙwalwar jariri tana iya cike gurbin abin da aka jinkirta mata, amma ba ta sake tsirar da zaren jijiyar da ya tsinke. Likitocin Shika sun san wannan. Abin da ya rage shi ne ungozoma da wanzami da kaka da maigida a Likoro da Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara su ma su san shi, ta yadda ranar da uwa ta ce hular ɗanta ta daina shiga, a auna kan a makon, in ya wuce kima a kama hanyar asibiti ba tare da an jira kakar rake ba.